Zama da mata da 'ya'ya a bakin sansanin gudun hijira: labarin 'yan mishan a Doro

A watan Nuwamba na 2011 mutane suka fara kwararowa cikin Doro, wani ƙauye a gundumar Maban da ke arewa maso gabashin Sudan ta Kudu, ƙasar da a lokacin wata huɗu ke nan da samun 'yancinta. Daga jihar Blue Nile suke, a tsallaken sabuwar iyaka, inda faɗa ya ɓarke a farkon Satumba tsakanin sojojin Umar al-Bashir da mayaƙan ƙungiyar 'yan tawaye ta SPLM ta Arewa. Al-Bashir ya tuɓe zaɓaɓɓen gwamnan jihar, Malik Agar, sojojinsa suka ƙwace garin Kurmuk a farkon Nuwamba, jiragen Antonov kuma suka shiga ruwan bama-bamai a ƙauyuka. Waɗannan jirage asalinsu na dakon kaya ne, ta ƙofar baya ake gangaro bam ɗin, don haka ba shi da saiti: gona, kasuwa, bakin rijiya, duk inda ya faɗa ya faɗa. Mutane suka goya yara, suka tallabi tsofaffi, suka nausa kudu da ƙafa, wasu kwanaki, wasu makonni. Kafin 2012 ta ƙare 'yan gudun hijira a Maban sun haura 100,000, fiye da 40,000 daga ciki a Doro kaɗai.

Da suka iso sun tarar da wani ƙaramin asibiti da 'yan gidaje na ƙungiyar mishan ta SIM, da baƙi 'yan ƙasashen waje da ke zaune a wurin tun kafin a san za a yi wannan yaƙi. A shekarun da suka biyo baya akwai lokutan da ma'aurata masu ƙananan yara ke cikin baƙin. Irin wannan zama ana saurin yanke masa hukunci. Masu yabo su ce sadaukar da rai ne zalla, masu suka su ce farautar mabiya ce a tsakanin mayunwata. Tarihin Doro ya nuna wani abu da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kai ba: iyalin da ɗan mishan ya zo da shi shi ke sa mutane su amince da shi, kuma wannan iyalin ne ke fitar da shi daga garin ranar da aka fi bukatarsa.

Sunan SIM ba baƙo ba ne ga mutumin Kano ko Jos ko Maraɗi. Ita ce ƙungiyar da ta samo asali daga samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da suka sauka Legas a ƙarshen 1893. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Daga aikinta majami'ar ECWA ta fito a 1954, ita ce kuma ta buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950. Shigarta Sudan kuwa kora ce ta jawo. Italiya ta mamaye Habasha a 1935, ta fatattaki 'yan mishan ɗin da ke can, wasunsu suka tsallaka iyaka suka kafa tashoshi a ƙarshen shekarun 1930, ɗaya a Doro cikin ƙabilar Mabaan, ɗaya a Chali cikin ƙabilar Uduk. Duk da haka ba su tsere wa Italiyan ba. A watan Agusta na 1940 jiragen yaƙinta suka jefa bama-bamai a tashar Doro, suka kashe likita Robert Grieve da matarsa Claire. Asibitin da ke Doro sunan waɗannan ma'aurata aka sa masa.

Akwai kuma wani ɗan gyaran taswira da bai dami kowa ba a lokacin da aka yi shi. A 1953 gwamnatin mulkin mallaka ta cire yankin Uduk daga lardin Upper Nile ta haɗa shi da Blue Nile. Shekara 58 bayan haka, da aka raba Sudan biyu, wannan layi ya zama iyakar ƙasa da ƙasa, Doro ta faɗa kudu, Chali ta faɗa arewa. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta ba mutanen kudu ƙuri'ar raba gardama, amma mutanen Blue Nile da Kordofan ta Kudu, waɗanda da yawansu sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da 'yan kudun, alkawarin "tuntuɓar jama'a" kawai aka yi musu, shi ma bai kai ko'ina ba. Tushen yaƙin 2011 ke nan.

A 1964 gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta kori 'yan mishan baki ɗaya daga kudancin Sudan, na Chali ma suka tafi. Abin lura shi ne majami'ar Uduk ta fi bunƙasa bayan tafiyarsu, a hannun fastocinta na gida, da Sabon Alkawari da aka riga aka fassara musu da harshensu. Wannan Kiristancin ya jawo musu zargin cewa 'yan tawaye ne. A 1987 aka ƙona ƙauyukansu da majami'unsu, suka gudu Habasha kusa da Asosa. Aka kai wa sansanin hari a farkon 1990, suka taka zuwa Itang. Gwamnatin Mengistu ta Habasha ta faɗi a 1991, suka koma Nasir a Sudan. Yunwa da faɗa suka sake mayar da su Habasha, aka zaunar da su a sansanin Bonga a 1993, suka shafe fiye da shekara goma a can. Daga 2006 suka fara komawa gida, suka share gonaki, suka kafa bukkoki, ba su cika shekara shida ba Antonov ya zo. Dattijon Uduk da ya shigo Doro a 2011 ya fi kowane ma'aikacin agaji sanin yadda ake zaman sansani, kuma ya san wane ne SIM tun daga bakin iyayensa.

A faɗi gaskiya tun da wuri: ba 'yan mishan ne suka ciyar da mutum dubu ɗari ba, ba kuma za su iya ba. Nauyin abinci na Hukumar Abinci ta Duniya ne, tsarin sansanoni na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, manyan asibitocin tanti kuma irin na ƙungiyar likitoci ta MSF. Da damina ta sauka a 2012 sansanin Jamam ya zama fadama, masai suka cika suka tumbatsa, yara suna mutuwa da gudawa, ga ciwon hanta mai sa shawara da ke bin gurɓataccen ruwa, wanda ya fi kashe mata masu ciki. Dole aka kwashe mutane zuwa sansanonin Yusuf Batil da Gendrassa, daga baya Kaya, aka rufe Jamam a 2013. Wannan aiki ne na jiragen dakon kaya da tankokin ruwa da miliyoyin daloli.

Bambancin yana wani wuri. Ma'aikacin babbar hukuma kwantiragi yake zuwa yi, wata shida ko shekara. Dokar aikinsa ta hana shi zuwa da iyali irin wannan wuri, kowane 'yan makonni ana fitar da shi hutu, kuma ta bakin tafinta yake magana da mutane. Kafin ya gane wane ne shehin wace unguwa, lokacinsa ya cika, wani ya maye gurbinsa ya faro daga farko. Ɗan mishan kuwa da niyyar shekaru yake zuwa. Shekara ɗaya ko biyu na farko a koyon harshe suke tafiya, Larabcin kasuwa tukuna, sannan Mabaan ko Uduk. Kuma yana zuwa a matsayin magidanci, abin da mai karatu Bahaushe ya san nauyinsa. A ƙauye ba a kai wa gwauro ƙarar rikicin aure, ba a sakin jiki da shi a cikin gida. Mutumin da aka ga matarsa tana gaisuwar mutuwa, aka ga ɗansa yana wasan ƙasa da yaran unguwa, aka ga shi ma ya kwana bai runtsa ba saboda zazzaɓin 'yarsa, wannan an san yana da abin da zai rasa. Matar kuma tana shiga inda mijin ba zai taɓa shiga ba. A bakin murhu, ana jiran gahawa ta tafasa, take jin wace ce aka yi wa fyaɗe a hanya, wace ce mijinta ya koma daji da bindiga ya bar ta da yara biyar, wace ce ke sayar da rabin dawar da aka raba don ta biya kuɗin niƙa. Irin wannan labari ba ya fitowa a takardar tambayoyi da ake cikawa a tsaye.

A irin wannan asibiti aikin yau da kullum ba shi da wani armashi. Uwa ta miƙo yaro, ma'aikaci ya zagaya wani siririn ma'auni mai launi uku a damtsensa na sama. Idan ya tsaya a kore, lafiya. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. A danna bayan ƙafarsa da yatsa a ga ko ramin zai tsaya, alamar kumburi. Sai a yage bakin ledar tunkuzar gyaɗa mai madara da sukari da aka haɗa don wannan ciwo, a ba shi a gani ko zai ci. In ya ci, a sallame su da na mako guda, tare da roƙon uwar kada ta raba wa yayyensa, alhali kowa ya san su ma da yunwa suka kwana. In ya kasa ci, a kwantar da shi. Mai awon nan galibi ɗan gari ne ko ɗan gudun hijira da aka koya wa aikin, kuma koyarwar ita ce abin da mai dogon zama ya fi mai gajeren zama iyawa.

Gidan iyalin ba shi da nisa da nan. Wutar hasken rana ce, wadda ba ta fi ta cajin kwamfuta da ƙwan fitila biyu ba. Ruwan burtsatse sai an tace. Kowa a gidan sauro yake kwana, kowa na shan maganin rigakafin zazzaɓi, a kuma zazzage takalmi kafin a sa saboda kunama. Da safe uwa ta zama malamar makaranta, ta zaunar da yara da littattafan da aka yo oda tun bara. Ƙasar Maban baƙar laka ce, da ruwa ya sauka ta riƙe tayar mota kamar danƙo, hanya ta yanke wata da watanni, sai jirgi, a filin saukar da ke manne da sansanin. A wani lungu na ɗakin kuma akwai jakar da ba a kwance ta: fasfo, 'yan kuɗi, magani, kayan sawa kala ɗaya. Yaran gidan sun san abin da aka ajiye ta dominsa.

Da me suke rayuwa? Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa biyan albashi daga asusunsu. Kafin a tura iyali, su da kansu za su zagaya majami'u da gidajen 'yan'uwa da abokai a Amurka ko Kanada ko Ostireliya ko Koriya ta Kudu, su tara alkawuran masu ba da wani abu duk wata, har ya kai kuɗin abinci da jirgi da inshorar lafiya da karatun yara. Bayan 'yan shekaru su koma gida su sake zagayen. Tsakanin nan kuma sai wasiƙu, ana ba masu tallafi labari ana neman addu'a. Wannan tsari yana da ƙarfi, domin ba ya rushewa don wata gwamnati ta sauya ra'ayi. Amma yana da illar da ba a cika faɗa ba. Mai ba da dala hamsin duk wata yana son ya ji labari mai taɓa zuciya, ya ga hoto, ya ji an ce wani ya karɓi bishara. Ba ya zumuɗin jin cewa an shafe wata uku ana gyaran famfo. Wannan bukata tana iya karkatar da alƙalamin mai gaskiya ma, har wahalar maƙwabcinsa ta zama abin da yake cin abinci da ita. A ganina duk ɗan mishan da ya ɗauki hoton yaro mai tamowa ya aika, ya kamata ya tambayi kansa ko zai yarda a yi wa ɗansa haka, kuma ko uwar ta san inda hoton zai je.

Maganar 'ya'ya ita ce ta fi zafi, domin su ba su ji wani kira ba, kawo su aka yi. A da, mafita ita ce makarantar kwana. SIM ta gina Kent Academy a Miango a tsakiyar shekarun 1940, Hillcrest a Jos kuma tun 1942 take. Yaro ɗan shekara shida a ɗauke shi daga tashar iyayensa a daji, ba zai sake ganinsu ba sai hutu. Wanda ya taɓa shiga maƙabartar 'yan mishan da ke Miango ya ga ƙananan kaburbura a jere da na manya. Wasu da suka yi irin waɗannan makarantu suna tuna su da daɗi, wasu kuwa har tsufa ba su warke ba. A makarantar 'ya'yan 'yan mishan ta Mamou da ke Gini, wani kwamitin bincike ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1990 cewa an daɗe ana dukan yara da lalata da su, majami'ar da ke da makarantar ta nemi gafara. An samu makamancin haka a makarantar Fanda ta Senegal a rahoton 2010. Abin da ya rufe bakin yaran shekara da shekaru shi ne an nuna musu cewa in suka yi ƙorafi za su ɓata aikin Allah da iyayensu ke yi. Saboda wannan tarihi ne iyalai da yawa yanzu suke riƙe ƙananan yara a gida, sai sun kai sakandare a tura su wuri irin Rift Valley Academy a Kijabe ta Kenya. To amma riƙe yaro a gida, in gidan yana bakin filin yaƙi, wata sabuwar damuwa ce.

A Disamban 2013 Sudan ta Kudu ita ma ta faɗa yaƙin basasa tsakanin Salva Kiir da Riek Machar, 'yan gudun hijirar Maban suka zama yaƙi a gaba yaƙi a baya. A farkon Agustan 2014 wasu 'yan bindigar yankin suka shiga farautar 'yan ƙabilar Nuer a Bunj, hedikwatar gundumar, suka kashe aƙalla ma'aikatan agaji biyar, dukansu 'yan ƙasa. Aka kwashe ma'aikata fiye da 200 ta jirgi. A ƙarshen Disamban 2016 faɗa ya kaure tsakanin 'yan gudun hijira da 'yan gari a kewayen Doro, aka rasa rayuka. A 2017 SPLM ta Arewa ta rabe tsakanin Malik Agar da Abdul'aziz al-Hilu, rabuwar ta bi layin ƙabila ta shigo har cikin sansanoni. A Yulin 2018 samarin gari suka far wa ofisoshin hukumomin agaji a Bunj, suka fasa suka ƙona, aka sake kwashe ɗaruruwan ma'aikata.

Duk ranar da irin wannan ta faru, jirgi ƙarami zai sauka, kujerunsa ƙidayayyu, kuma akwai takardar sunayen waɗanda za su hau. Mai fasfon waje da 'ya'yansa suna ciki. Mai dafa musu abinci, da malamin da ya koya musu harshe, da ma'aikacin da ke awon damtsen yara, suna tsaye a gefen fili. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma a wannan safiya mutanen Doro suke ganin gaskiyar maganar a kan wanda ya yi shekaru yana ce musu 'yan'uwa. Ba na ganin laifin uban da ya ɗauki 'yarsa ya sa a jirgi. Haƙƙinta a wuyansa yake, kuma barinta a inda harsashi ke yawo don a ce shi jarumi ne zalunci ne. Ƙungiyoyin ma suna da hujja: baƙon da ya tsaya yana iya jawo wa masu ɓoye shi bala'i, in kuma aka sace shi, kamar yadda aka sace Jeff Woodke a Abalak ta Nijar a 2016 aka riƙe shi har 2023, aikin shekaru ne zai tsaya. Amma hujja ba ta goge abin da idon mutane ya gani. Zumuncin da ake wa'azinsa ranar Lahadi yana da iyaka, kuma fasfo ne ya shata ta.

Waɗanda suka tsaya, in ka duba, yawanci sai da suka warware maganar iyali tukuna. A Ruwanda a 1994 Carl Wilkens, shugaban hukumar agaji ta majami'ar Adventist a ƙasar, ya sa matarsa da 'ya'yansa uku a ayarin motocin da suka fice, shi ya zauna a Kigali har kisan ƙare dangi ya ƙare, yana kai ruwa da abinci gidajen marayu. Likita Tom Catena, ɗan mishan na Katolika a asibitin Gidel da ke tsaunukan Nuba, ya ƙi fita da yaƙi ya ɓarke a 2011, amma a lokacin ba shi da aure. Limaman Katolika da 'yan zuhudu mata da ake yabo da juriya a Sudan su ma ba su da yaron da za su kalla su ji tsoro. A Maban kuwa, mutumin da ya fi kowa zama daram ba Bature ba ne. Likita Evan Atar ɗan Torit ne a Sudan ta Kudu, ya yi aiki a Kurmuk tun 1997, da bama-bamai suka yi yawa a 2011 ya kwaso ma'aikatansa da abin da ya samu na kayan aiki ya biyo marasa lafiyarsa zuwa Bunj. A can ya tayar da asibiti mai gado wajen 120, shi ne kaɗai wurin tiyata ga mutum fiye da 200,000. An ba shi lambar yabo ta Nansen, wadda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa, a 2018. A lokacin matarsa da 'ya'yansa a Nairobi suke, sau ƙalilan yake ganinsu a shekara. Kowanne cikin mutanen nan ya biya wani abu, kuma sau da yawa waɗanda suka biya tare da shi ba a tambaye su ba.

Sai babbar tambayar da mai karatu Musulmi zai yi, kuma yana da haƙƙin yin ta. 'Yan gudun hijirar Maban ba duka Kirista ba ne. 'Yan ƙabilar Ingasana da ke da rinjaye a Yusuf Batil da Gendrassa yawancinsu Musulmi ne, haka wasu ƙabilu da dama a cikin Doro. Shin magani da ruwa ba tarko ba ne? Tsoron yana da tushe. Bayan ambaliyar tsunami, a farkon 2005, wata ƙungiyar mishan ta Amurka mai suna WorldHelp ta shelanta shirin kwashe marayu Musulmi 300 daga Aceh ta rene su a gidan Kirista, sai da gwamnatin Indonesiya ta taka mata birki. Manyan majami'u su ma sun san da matsalar. Ƙa'idojin aikin agaji na 1994, waɗanda Red Cross ta tsara tare da ƙungiyoyi irin su Caritas da Tarayyar Lutheran ta Duniya, sun ce bukata kaɗai ake dubawa wajen ba da taimako, ba a ɗaura shi a kan karɓar wani addini. A 2011 Fadar Paparoma da Majalisar Majami'u ta Duniya da ƙawancen 'yan bishara na duniya suka fitar da takarda ɗaya da ta ce cin moriyar talauci da bukatar mutane ba shi da gurbi a aikin bishara.

Rubutu daban, abin da ke faruwa a layin karɓar magani daban. 'Yan mishan irin na SIM ba sa ɓoye cewa burinsu mutane su bi Almasihu, kuma wannan fitowa fili ta fi mini kwanciyar rai da wanda zai shigo da rigar agaji yana ɓoye manufa. Mai bi yana da 'yancin faɗin abin da ya gaskata, kamar yadda ƙungiyoyin agaji na Musulmi ke gina rijiya su gina masallaci a gefenta. Matsalar ita ce mai jin yunwa ba ya iya cewa a'a da sakin fuska. Ko ba a ce masa komai ba, shi da kansa zai lissafa cewa kusantar masu asibiti na iya kawo aikin gadi ko gurbin makaranta. Don haka ma'aunin da nake ganin ya dace ba ya wuce tambayoyi kaɗan. Matar da ta ƙi zama a yi addu'a, an duba ɗanta a kan layinsa ba a mayar da ita baya ba? Da aka ɗauki ma'aikata, an ɗauki Musulmi? Yaron da ba iyayensa a kusa, an bar shi a addinin gidansu? Inda amsar ta zama e, zargin tarko bai tsaya ba. Inda ta zama a'a, ko an yi da kyakkyawar niyya, ciniki ne aka yi da yunwar mutum.

Akwai masu ƙorafin da ba a cika jin muryarsu ba, su ne 'yan garin. Mabaan su ma sun sha gudun hijira a yaƙin baya, ba su daɗe da dawowa ba baƙi suka rinjaye su a ƙasarsu. Aka sare itatuwa don girki da gini, ciyawar jinka ta yi wuya, dabbobin baƙi suka shiga gonaki, ga Fulani makiyaya da ake kira Fallata da ke gangarowa da shanu duk rani. Ɗan gari yana kallo ana raba dawa da mai ga wanda ke da katin sansani, shi da talaucinsu ɗaya ba shi da kati. Samarin da suka yi ƙone-ƙone a 2018 kukansu shi ne ana ɗauko ma'aikata daga wasu yankuna ana tsallake su. Maganar wane ne mai ƙasa wane ne baƙo ita ce kuma ta ci Hausawan Blue Nile a 2022, lokacin da rikici kan filaye da sarauta ya kashe ɗaruruwa a Yuli da Oktoba, musamman a Wad al-Mahi, ya raba dubun dubata da gidajensu, alhali kakannin wasunsu sun fi shekara ɗari a bakin wannan kogi. A Doro, tashar mishan ta Mabaan ce tun asali, majami'ar Uduk kuma 'yarta ce. Mai jin harsunan biyu, wanda ya ci abinci a gidajen biyu, yana iya zama a tsakani ranar sulhu, in dai bai bari an gan shi a matsayin na ɓangare ɗaya ba.

Yau nauyin ya ƙaru, kuɗin ya ragu. Tun 2021 aka rage rabon abincin 'yan gudun hijira a Sudan ta Kudu zuwa rabi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya turo fiye da mutum miliyan ɗaya zuwa kudu, yawanci ta garin Renk, wasu aka wuce da su Maban. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID. Su kansu 'yan mishan ɗin sun sauya kama. A 2013 likita ɗan Najeriya, Joshua Bogunjoko, wanda ya yi aiki a Galmi, ya zama shugaban SIM na duniya. Majami'ar Kale Heywet ta Habasha tana tura nata 'yan mishan, ƙungiyar mishan ta ECWA mai suna EMS da aka kafa a 1948 tana da ma'aikata fiye da dubu, ga ƙungiyar mishan ta CAPRO da ta faro a Zariya a 1975. Iyalin da ya fito daga Kagoro ko Biliri ya fi saurin sajewa da mutane, ya san dawa, ya san zaman tabarma, kuma ba a kallonsa a matsayin buhun kuɗi. Amma baikon da ke riƙe da shi na naira ne, fasfonsa ba ya buɗe ƙofofi da sauri, ofishin jakadancinsa ba shi da jirgin aikowa. Majami'ar da za ta tura irin wannan iyali bakin sansani, kafin ta yi musu addu'ar sallama, akwai abubuwan da ya kamata ta rubuta ta sa hannu: wa zai biya kuɗin makarantar yaran, wane asibiti za a kai matar in haihuwa ta zo da gardama cikin damina, da sunan wa da wa ke cikin takardar jirgi, har da ma'aikatan gida da faɗan ƙabilanci zai iya ritsawa da su kamar yadda ya ritsa da na Bunj a 2014.